Yatsu Huɗu a Motar Haya

Da safiyar wata Juma'a a watan Janairun 2016, Baba Maiwada ya ɗaga shimfiɗar roba da ke bayan kujerar direba a cikin wata farar mota, tsumman da ke hannunsa ya faɗi.

Shekara talatin ya yi yana bin sawun raƙuman sata a dajin Tanut na ƙasar Nijar kafin ya zo Riyad. Yanzu shekararsa tara yana wanke motoci da gadi a wani ƙaramin ofishin haya da ke gefen unguwar Manfuha. Ya ga jini kala-kala a rayuwarsa, don haka bai yi wa kansa ƙarya ba. Abin da ya bushe ya yi ɓawo a kan kafet ɗin jini ne, kuma mai yawa. A tsakiyarsa akwai sawun ƙafar dama, ba takalmi. Ya ƙirga yatsun sau biyu. Huɗu ne, babu babban.

Ya san waɗanda suka ɗauki motar. Ustaz Tamimu, ɗalibin jami'a ɗan Zariya, shi ya sa hannu a takarda. Tare da shi akwai abokinsa Shakir, mai yi wa mutane tafinta, da Saidou ɗan Maraɗi, mai aikin fenti. Sun tafi hutun mako guda tsibirin Farasan, can kudu a Bahar Maliya, tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ma a hau jirgin fito. Ranar da za su tashi sai dariya suke, suna cewa za su ga ruwan da ake hango kifi a ƙasansa.

Amma ba ɗayansu ne ya maido motar ba. Isiyaku mai tsaron kanti ne ya kawo ta da sassafe, ya ce jiya Ustaz ya bar masa mabuɗi.

Maiwada ya mayar da robar, ya rufe ƙofa. Manajan ofishin ba zai zo ba sai gobe Asabar. In ya zo ya gani, 'yan sanda zai kira, kuma mutum na farko da za su tafi da shi shi ne baƙin tsohon da ya kwana da motar.

Yana tsaye a haka tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Malam Oumarou, dattijon Hausawan unguwar, ya fito, wata mata mai juna biyu a bayansa.

"Maiwada, wannan Mahbuba ce, matar Shakir. Mijinta bai kwana gida ba."

"Baba," in ji ta, Hausarta na karyewa don a Riyad aka haife ta, "tun Laraba da safe wayarsa a kashe. Ustaz ya ce jiya sun sauke shi kusa da gidanmu a unguwar Suwaidi. Ni ban gan shi ba. Motar ta dawo?"

"Ta dawo, 'yata. Zauna a inuwa."

Ya ja Malam Oumarou gefe, ya buɗe ƙofar, ya ɗaga robar. Malam ya dafe bango yana salati.

"In hukuma ta shigo layinmu," ya ce a hankali, "ka san mutum nawa ne ikamarsu, takardar izinin zama, ta mutu? Gida-gida za a bi."

"Na sani. Amma gobe dole in faɗa. Ka ba ni yau kaɗai."

*

Tamimu yana ɗakin wani abokinsa a Manfuha, da littafi buɗe a gabansa. Ya miƙe ya gaishe da Maiwada hannu biyu. Saurayi ne mai tsabta, da farar jallabiya da safa mai kauri saboda sanyi.

"Wallahi Baba hankalina a tashe yake. Mun sauke shi a bakin fitilar hanya, bayan la'asar, yana riƙe da jakarsa."

"Wa ya tuƙa ku?"

"Ni. Ni kaɗai ke da lasin, sunana ne a takarda."

"A tsibirin ma?"

"Ko'ina. Hanyoyin can ba wuya, ba motoci, sai dai raƙumi ko akuya su gifta maka."

"Wani ya ji ciwo a cikinku?"

"Ko ƙwarzane babu."

"Me ya sa ka bar mabuɗi wurin Isiyaku? Ga ni a ofis, ba na zuwa ko'ina."

Tamimu ya rufe littafin. "Gajiya ce, Baba. Kantinsa ne kusa." Ya rage murya. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma kowa ya san abin da ke tsakanin Isiyaku da Shakir."

Saidou kuwa a bene na uku yake, ɗakin mutum shida. Maiwada ya tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya, ga shinkafar jiya a kwano ba a taɓa ba.

"Saidou, ina kuka bar Shakir?"

"A bakin fitilar hanya, bayan la'asar, yana riƙe da jakarsa."

"Jakar wace kala ce?"

Saidou ya ƙara jan bargo. Leɓensa ya bushe ya tsage. "Baba, ni ban san komai ba. Ka tambayi Ustaz, shi ya yi karatu."

Maiwada ya dubi ƙafafunsa da suka leƙo daga bargo. Yatsu biyar-biyar, lafiyayyu. Ya sauko daga benen yana juya maganar. Mutum biyu za su iya ganin abu ɗaya, amma bai taɓa jin sun faɗe shi da kalmomi iri ɗaya ba, sai in ɗaya ya biya wa ɗaya.

*

Kafin a sauko daga Juma'a magana ta fita. Malam Oumarou ya gaya wa mutum ɗaya don neman shawara, shi ke nan. Maiwada yana fitowa daga masallaci ya hangi mutane sun cika bakin kantin Isiyaku. Ba mai ɗaga murya, don tsoron kada maƙwabta Larabawa su kira hukuma. Wannan raɗe-raɗin ya fi ihu ban tsoro.

"Yatsu huɗu aka ce."

"Wa ba shi da yatsa a unguwar nan in ba Isiyaku ba?"

"Mabuɗi a hannunsa ya kwana."

Isiyaku ya jingina da firijin lemo, fuskarsa ta yi toka-toka. Bara ne aka kore shi daga aikin gini bayan wata rigima da uban gidansa, wadda Shakir ya yi tafinta a cikinta. Isiyaku ya rantse Shakir ya juya maganarsa, kuma a gaban jama'a ya ce sai ya nuna masa.

Maiwada ya kutsa ya tsuguna a gabansa. "Cire takalmi."

Ya cire. Ƙaramin yatsan ƙafar hagu ne babu, ƙarfe ya datse shi a wurin gini. Ƙafar dama kuwa cikakkiya ce.

"Ba ƙafarsa ba ce," in ji Maiwada.

"Wataƙila da abokin aiki," wani ya ce daga baya.

"Na faɗi baƙar magana, ban musa ba," in ji Isiyaku. "Amma Baba, motar nan inda Ustaz ya ajiye ta nan ta kwana. Da safe na kawo maka. Ina da 'ya'ya huɗu a Damagaram. In aka kai sunana, da bakina na riga na kashe kaina."

Wani dattijo ya ce gara su miƙa shi da kansu kafin a zo a kwashe kowa. Kawuna da yawa suka gyaɗa. Maiwada ya ga yadda tsoro ke neman wanda zai ci, ya juya ga Malam Oumarou.

"Ka tafi da Isiyaku gidanka, ka kulle ƙofa. Bayan la'asar ka tara mini shi da Ustaz da Saidou a saman bene. Matar Shakir ma ta zo."

*

Ya koma ofis ya turo motar inda rana za ta shiga ta gefe, don sawu ba ya magana sai haske ya kwanta masa. Ya cire robar gaba ɗaya, ya kwanta rub da ciki, fuskarsa dab da kafet.

Kujerar baya an goge ta da sabulu, har yanzu tana ƙamshi. Kafet ne ya gagare su, suka rufe shi. Ya lura jinin daga bakin kujera ya ɗigo, wuri ɗaya, na tsawon lokaci. Diddigen sawun ya nutse fiye da gaban, kamar na wanda ke zaune da nauyi a cinyarsa.

Sai ya ga wani abu yana ƙyalli a cikin sawun. Ya ɗauko allura ya tono ƙwaya ɗaya, ya ɗora a tafin hannu. Yashi ne fari fat, da ɓarɓashin ƙwanson kifi. Ya duba sauran jinin, wanda ƙafa ba ta taka ba. Babu ko ƙwaya a samansa. Yashin yana cikin sawun kaɗai, ya bi siffar diddige da tafin ƙafa da yatsu huɗu, a danne cikin jinin. Ya ɗan taɓa ƙwayar da harshe. Gishiri.

Ya tashi zaune a hankali. Ya dubi jar ƙurar Riyad da ta kwanta a gilashin motocin, ya sake duban farar ƙwayar. Sai ya gane cewa tun safe a garin da ba shi ba suke neman mutumin.

*

A saman benen Malam Oumarou mutum goma sha biyu ne suka taru. Mahbuba na zaune a kujera kusa da matar Malam. Isiyaku a kusurwa shi kaɗai. Tamimu da Saidou a tabarma ɗaya, amma ba mai kallon wani. Maiwada ya hawo da kwanon ruwa ya ajiye a kan busasshen siminti.

"Jinin da ke motar nan," ya ce, "ba a Riyad ya zuba ba."

Ya buɗe ƙullin takarda ya zagaya da shi. "Wannan yashin bakin teku ne. A cikin sawun na same shi."

"Baba, ai daga bakin teku muke," in ji Tamimu. "Motar cike take da yashi. Jini na iya zuba a kansa ko'ina."

"Da haka ne, da yashin na ƙasa jinin na sama. Wannan a saman jini yake, ƙafa ce ta kawo shi ta danna. Jiƙaƙƙiyar ƙafa, da ruwan gishiri, wadda ta baro bakin ruwa yanzu-yanzu ta taka jini tun yana ɗanye. Ba ƙafar da ke ɗauko jiƙaƙƙen yashi daga Farasan har Suwaidi. Isiyaku bai taɓa ganin tsibirin nan ba."

Mahbuba ta dafe cikinta.

Maiwada ya nuna kwanon. "Kowa ya tsoma ƙafar dama a ruwan nan ya taka siminti. Ni zan fara."

Ya taka. Isiyaku ya taka. Saidou ya taso kamar wanda ake ja, ya taka. Yatsu biyar, biyar, biyar.

"Ustaz."

"Ni ina da mura, Baba. Ruwan sanyi..."

"Cire safar, ɗana," in ji Malam Oumarou.

Ya cire. Yatsunsa biyar cif, har wani ya yi tsaki yana cewa an ɓata musu lokaci. Maiwada bai ɗaga kai ba. "Taka."

Tamimu ya tsoma ya taka, ya ɗaga ƙafa. A kan simintin, diddige ya fito, tafi ya fito, yatsu huɗu suka fito. Babban yatsansa a sanƙare yake, ya ɗaga sama, tsohuwar karaya ce da ta warke a karkace. Ba ya taɓa ƙasa.

Mutane suka yunƙura. Maiwada ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Mai sawun nan zaune yake a baya, da kan mai ciwo a cinyarsa, ya riƙe shi tafiya mai nisa. Wanda ya yi niyyar kisa ba ya haka. Ustaz, kai ka ce kai kaɗai ka tuƙa. To lokacin da kake baya, wa ke gaba?"

Saidou ne ya fashe da kuka.

"Ni ne, Baba. Amma ba ni na buge shi ba, na rantse da Allah."

Maganar ta zubo masa ba tsari, sai da Malam ya yi ta tsayar da shi yana maimaitawa. Ranar Laraba da hantsi sun bar kwalta suka gangara wani bakin ruwa da ba kowa, don su yi wankan ƙarshe. Da za su tafi, taya ta nutse a yashi. Suka ciro shimfiɗun roba suka sa a ƙarƙashin tayoyi. Saidou yana turi ta gefe, Shakir ya tsuguna a baya yana tono, Tamimu a sitiyari. Maimakon giyar gaba sai ya sa ribas, ya taka mai da ƙarfi.

"Motar ta haye shi. Ustaz ya kasa tsayuwa ma, balle tuƙi. Ya rungume shi a baya, ni na ja mu. Ban da lasin, a gona na koya. Da muka isa ƙofar asibitin tsibirin, Shakir ya daina motsi. Ustaz ya ce ya mutu. Ya ce an gan ni a sitiyari, ni za a kama, ni ba lasin ba Larabci, ƙila a yanke mini kai. Ya ce mu kwantar da shi a bakin ƙofa mu kama jirgin yamma."

"Jakarsa fa? Wayarsa, ikamarsa?"

"Daga wanka yake, gajeren wando kaɗai ne a jikinsa. Jakar Ustaz ya jefa a teku muna kan jirgi."

Tamimu yana tsaye da ƙafa ɗaya a jiƙe. "Saura wata huɗu in gama karatu," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shekara shida. Mahaifina ya gaya wa duk garinmu. Tsoro na ji. Wallahi tsoro ne kawai."

"Tsoro na yarda," in ji Maiwada. "Ni ma da shi na wuni. Amma mabuɗin fa? Kantuna nawa ne a layin nan, me ya sa na Isiyaku?"

Tamimu ya sunkuyar da kai.

"Kun taɓa wuyansa?" Muryar Mahbuba ce. Ta miƙe tsaye. "Kun ce ya mutu. Wani likita ya faɗa? Kun ji numfashinsa?"

Saidou ya girgiza kai. "Ba mu tsaya ba."

Ta ciro wayarta. Ta nemi lambar asibitin tsibirin, ta yi magana da Larabcin 'yan gari, mai sauri, wanda rabin mutanen wurin ba sa kamawa. Aka ce ta jira. Aka haɗa ta da wani. Ya ce eh, ranar Laraba an tsinci wani baƙar fata a ƙofa, ba suna ba takarda, an tsallaka da shi babban asibiti a birnin Jizan a ranar. Abin da ya biyo baya bai sani ba.

Ta kira Jizan. Kira na farko ba a ɗauka ba. Na biyu aka ɗauka aka ajiye ta a layi. Ladan ya fara kiran magariba a masallacin layin, ba wanda ya tashi. Maiwada ya ga tsoho kamar Malam Oumarou yana jan carbi yana kuskuren ƙwaya.

Sai wata mata ta zo kan layi. Mahbuba ta saurara, ta runtse ido, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Yana nan," ta ce da Hausa. "Ƙugunsa ya karye, kansa ya fashe. An yi masa aiki. Yau da safe ya buɗe ido." Ta sake kara wayar a kunne. "Ta ce ba ya gane kowa tukuna. Kalma ɗaya yake ta faɗi, sun kawo ɗan Sudan da ɗan Habasha ba wanda ya san yaren. Tana tambaya ko na san ma'anarta."

"Wace kalma?" in ji Malam.

"Tsaya. Tsaya yake cewa."

Tamimu ya durƙushe ya rufe kunnuwansa da hannu biyu.

Mahbuba ta goge fuska da gefen mayafi, ta koma Larabci. Ta ce su ɗauko biro su goge inda suka rubuta "ba a san shi ba". Ta faɗi sunan mijinta da na ubansa da na kakansa, harafi-harafi, ta sa matar ta maimaita mata.

Bayan sun yi sallah, Malam Oumarou ya ce shi da Maiwada za su raka Tamimu ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, don kada a zo nemansa a layi. Saidou ya ce zai bi su, ya gaji da kwanciya yana kallon bango. Saura wanda zai kai Mahbuba da matar Malam Jizan. Mutanen da ɗazu suka cika bakin kanti suka fara duban juna. Wannan yana da aiki gobe, wancan uban gidansa ba ya bari ya fita daga gari.

Isiyaku ya taso daga kusurwarsa yana sa takalmi.

"Ina da lasin, ikamata da rai. Mai kantinmu zai ba ni motarsa in na roƙe shi. In mun tashi da asuba, kafin isha muna can."

Mahbuba ta dube shi. "Kai da ka ce sai ka nuna masa?"

"Har yanzu ina da magana da shi," in ji Isiyaku. "Ya warke tukuna. Ki haɗa masa kaya, an ce ko riga ba shi da ita."